Sunan Malam Labaran a Ƙasan Na Mai Gadi

Akwai wani bawan Allah a Gada Biyu, sunansa Malam Labaran, wanda aka yi wa wulaƙancin da tun da aka fara haƙar kuza a Jos ba a taɓa yi wa ɗan Adam irinsa ba. Ba duka aka yi masa ba, ba zagi ba. Abin ya fi haka muni. Sunansa aka rubuta a ƙasan na mai gadi.

Ku dubi girman mutumin. Shekara goma sha tara yana jami'in kula da ma'aikata a wani asibitin kuɗi da ke Rayfield. Ga hula ƙube, ga agogo mai ƙyalli. Ko katin ɗaurin aure aka kawo masa, sai ya fara duba wa aka ambata kafin wa.

Asibitin ya sayi sabuwar babbar kwamfuta, wadda sauran kwamfutocin ofis sai sun nemi izininta kafin su bar mutum ya shiga. Ma'aikata ɗari da arba'in ne, kuma buɗe musu asusu ɗaya bayan ɗaya zai ci mako guda. Sai Pauline, wadda ke kula da kwamfutocin, ta shirya jadawali. Kowane layi akwai sunan mutum, da sashen da yake aiki, da kalmar sirrinsa ta farko. Za ta zuba su gaba ɗaya, na'urar ta buɗe wa kowa nasa, ta bar shi ya ga abin da ya shafi sashensa kaɗai.

Ranar Juma'a da safe ta kawo masa jadawalin a cikin filashi, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta.

"Oga Labaran, ka duba mini rubutun sunaye kawai. Kar ka taɓa wani abu, abeg."

Ya buɗe. Me zai gani? An jera mutane bisa haruffa, babu babba babu yaro. Dakta Badung, mai asibitin kansa, yana ƙarƙashin Anene direba. Shi kuwa Labaran yana can ƙasa, Ɗanbala mai gadi ya wuce shi da layi kusan sittin.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Abin na nan.

Sai ya nannaɗe hannun riga. Ya ɗauko sunan Dakta ya kai sama, ya bi da manyan likitoci, ya ajiye kansa a na huɗu saboda tawali'u. Masu shara da masu girki ya tura su ƙasa. Sunayen kaɗai ya riƙa ɗauka yana sauya musu wuri. Sashe da kalmar sirri suna can gefe, bai ma ja allon ya gan su ba.

Da ya mayar da filashin, Pauline ta ce, "Akwai gyara?"

"Haruffa biyu ne kawai, 'yata. Aikinki ya yi kyau."

Ta yarda da shi. Ta zuba jadawalin, ta buga wa kowa 'yar takardar kalmar sirrinsa, aka raba.

Ranar Litinin Malam Labaran ya zauna, ya shiga asusunsa. A saman allon, kusa da sunansa, an rubuta: Ɗakin Haihuwa. Ƙasa kuma ga jerin mata masu juna biyu, kowacce da watanninta.

Ya fara yin dariya. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ya tuna gyaran da ya yi ranar Juma'a.

Daga baranda ya jiyo muryar Dakta Badung. Likitan ya shiga asusunsa don ya duba fayil ɗin mara lafiya, bai samu komai ba sai jadawalin wanke mota. Kafin a gama wannan, sai ga Tabawa mai girki ta fito daga ɗakin da ƙananan ma'aikata ke sa hannun zuwa aiki a kwamfuta.

"Dakta, ni ban nema ba, wallahi. Sunana kawai na sa, sai ga gwajin jinin mutane. Har da na maƙwabciyata a Jos Jarawa. Na ga abin da bai kamata in gani ba."

Nan take Dakta ya sa aka kashe komai, ya karɓi makullin ɗakin kwamfuta daga hannun Pauline.

"Oga, ka ba ni minti goma in duba jadawalin," ta ce.

"Don ki goge shaida? Ba za ki sake taɓa komai ba. Wa kika buɗe wa sirrin marasa lafiyata?"

"Ban buɗe wa kowa ba, oga."

"Za ki yi wa 'yan sanda bayani."

Malam Labaran yana tsaye a bakin ƙofarsa, yana jin kowace kalma. Sanyin Jos ne ake yi, amma zufa ta jiƙa masa bakin hula. Ya koma ciki ya rufe ƙofa, ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. Ya gaya wa kansa cewa ƙila ba gyaransa ba ne, ai kwamfuta ma tana hauka. Sai ya tuna ɗakin haihuwa, ya san gyaransa ne.

Babu wanda ya sani. Abin da ya fi tsorata shi ke nan, domin ya gane zai iya yin shiru ya tsira.

Aka ƙwanƙwasa. Dakta ne.

"Malam Labaran, ka rubuta takardar korarta yanzu. Kuma ka fito mini da fayil ɗinta, 'yan sanda za su so adireshin gidanta."

Ya ɗauko fayil ɗin. Shi ya ɗauke ta aiki shekara uku da suka wuce. Ya san wannan takarda in ta fita da kalmar "sirrin marasa lafiya" a ciki, babu asibiti ko ofis a Filato da zai ƙara ba ta makulli. Ya rubuta kwanan wata. Ya rubuta sunanta. Biro ya ƙi gaba.

Wajen ƙarfe sha ɗaya mota ta tsaya a harabar, 'yan sanda biyu suka sauko. Ta taga ya ga Pauline zaune a benci, jakarta a cinya, ba kuka take ba, kallon ƙasa kawai take yi. Ɗayansu ya ce mata ta tashi. Da ta miƙe, ta waiwayo ta dubi tagarsa. Ashe ta gane tun ɗazu, tana jira ne ta ga ko dattijo ne.

Bai san lokacin da ya fito ba, har takalmi ɗaya ya kusa kuɓuce masa.

"Ranka ya daɗe, a dakata," ya ce wa Dakta, wanda ke tsaye tare da 'yan sandan.

Kowa ya juyo.

"Jadawalin nan na ɗan... daidaita shi."

"Kamar yaya ka daidaita?" in ji Dakta.

"Na ga an sa ka a ƙasan direba. Raina ya ɓaci saboda kai."

"Saboda ni."

Malam Labaran ya ce, "Da ni ma, kaɗan."

Ɗan sandan ya dubi Dakta. "To oga, wanne za mu tafi da shi?"

Dakta ya ce babu wanda za a tafi da shi. Ya zaro makullin daga aljihu ya miƙa wa Pauline, ya ce ta yi haƙuri, a gaban kowa. Ta rufe duk asusun, ta ɗauko ainihin jadawalinta, ta sake zubawa da sababbin kalmomin sirri. Kafin la'asar likitoci sun koma kan fayilolinsu.

Amma abin da Tabawa ta gani ba ya goguwa. Dole a sanar da matar Jos Jarawa cewa wani ido ya faɗa kan gwajinta. Dakta ya dakatar da Malam Labaran wata guda, ya kuma ce da shi za a je gidan matar.

Suka yi sallama, matar ta fito ta saurari Dakta har ya gama. Fuskarta ta canja. Ta tambaya a hankali, "Wane ne ya yi?"

Malam Labaran ya cire hularsa.

"Ni ne, baiwar Allah. Ba na'ura ba ce, ba yarinyar ba ce. Ni kaɗai na jawo."

Darasi: Idan an ba ka amanar aikin da ba ka san cikinsa ba, ka tsaya inda aka ce ka tsaya, ka tambayi mai shi kafin ka gyara. Son a gan ka a sama yana iya jefa wanda bai ji ba bai gani ba cikin masifa. In kuma ka riga ka yi ɓarnar, ka faɗa da bakinka tun kafin a tafi da wani a madadinka. Ku tura wa abokan aikinku, musamman manyan.