Juma'ar da Dutse Bai Tashi Ba

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. An yi wani mutum a nan birnin Reno na Amurka, zamanin da nake tuƙin tasi, kafin gwiwoyina su gaza. Ba zan faɗi sunansa ba. A gidan cacar da yake zuwa Dutse suke ce masa, mu ma haka za mu kira shi. Ba Musulmi ba ne, amma kada wani ya ce to ai ba da ni ake ba. Da kai ake.

Asalinsa mai rufin gidaje ne. Ya faɗo daga tsani, bayansa ya lalace, sai ya koma poka, cacar kartar nan, ya mai da ita sana'a har shekara goma sha shida. Ba irin ɗan cacar da kuke zato ba ne. Ba ya shan giya. Ƙarfe tara na safe yake shiga da kofin gahawarsa, ya zauna kamar ma'aikacin ofis. In an raba karta sau goma, sau tara zai leƙa ya zubar, ya naɗe hannu yana kallon mutane. Ya san wanda jijiyar wuyansa ke harbawa in ya samu karta mai kyau, ya san wanda surutu ke kamawa in burga yake yi. Da ya ja kujera, sai ka ga tsofaffin 'yan wasa suna roƙon a canza musu tebur. Yana da doka da yake alfahari da ita: ranar da ka ga kana wasa da mutum ba da karta ba, tashi ka tafi gida.

Matarsa Corinne ta rabu da shi, kuma ba don ya cinye musu dukiya ba. Ta ce ta gaji da zama da fuskar da ba a karanta komai a cikinta. Suna da 'ya ɗaya, Nadine. Kotu ta ba shi yarinyar daga ƙarfe uku na Juma'a, ya ɗauke ta a ƙofar makaranta, zuwa yammacin Lahadi. A shekarar farko sau biyu ya bar ta tana jira, alƙali ya kalle shi ya ce na ukun shi ne na ƙarshe. Ita kuwa Corinne ta daɗe tana son komawa wurin danginta can Maine, tafiyar kwana da kwanaki a mota, kuma Juma'ar nan kaɗai ta hana ta ɗaukar yarinyar su tafi.

Dutse ya san haka sarai. Sai ya sa wa wayarsa ƙararrawar ƙarfe biyu. Tana motsi a aljihunsa zai miƙe, ko me ke hannunsa. Shekara huɗu bai saɓa ba. Yana son yarinyar nan, wallahi yana son ta. Ita kaɗai ta taɓa ganin haƙoransa a waje.

To, ana nan sai ga wani Dwayne, dillalin tsofaffin motoci, mai ƙaton agogo da bakin da ba ya rufuwa. Wata Talata suka haɗu a zagaye ɗaya. Dwayne ya tura duk kwabban robar da ke gabansa, waɗanda ake caca da su a madadin kuɗi. Dutse ya yi nazari, ya yi nazari, ya zubar da kartarsa mai kyau. A al'adarsu, wanda ya ci da burga yakan mayar da kartarsa a kife, ya rufa wa ɗan uwansa asiri. Dwayne bai yi haka ba. Ya buɗe ta a tsakiyar tebur: bakwai da biyu, karta mafi banza a wasan.

"Haba tsoho! Wannan ne Dutsen da ake ba ni tsoro da shi? Ai wannan burodi ne. A kawo masa madara ya jiƙa!"

Tebur ya kwashe da dariya. Dutse ya ɗan ɗaga kafaɗa, fuska ko gezau. Amma abin ya shige shi har ƙashi.

Ku lura da yadda lalacewa take zuwa, ya 'yan uwa. Ba ta buga ƙofa. Washegari an ba shi karta wadda da can ko kallo na biyu ba ta isa ba, amma da ya ga Dwayne ya shiga zagayen, sai shi ma ya shiga. Ya ce wa kansa salo yake canzawa don kada a gane shi. Ya ci kuwa, kuma wannan cin shi ne babbar masifar. Mako na gaba ya sake, ya faɗi, ya ce rashin sa'a ne. Ya fara tsallake abincin rana don kada Dwayne ya tashi ba ya nan. Mutumin da ke ganin rawar ɗan yatsan wani daga can ƙarshen tebur, bai ga ƙafarsa da ke kaɗawa a ƙarƙashin kujera ba.

Sai wani abu ya faru da ya faranta masa rai. Allon da ake rubuta sunayen masu jiran kujera ya fara cika a teburinsa. Waɗanda da suke gudunsa yanzu su ne ke layi, har da masu gaishe shi da fara'a, har da mai kawo masa gahawa. Dutse ya ɗauka girmamawa ce. Ya ce a ransa, to, sun gane gwani, sun zo koyo.

Loretta, dattijuwar da ke raba musu karta tun kafin ya fara furfura, ita ta tare shi a wurin ajiye motoci tana shan tabarta.

"Dutse, tsaya. Aikina ya hana ni faɗa maka wannan, amma zan faɗa. Ka san me ya sa suke layi a teburinka?"

"Sun san inda ake wasan ƙwarai."

"Kai dai! Waya suke buga wa juna. 'Maza ka zo, tsoho ya kwance.' Da kunnena na ji. Nama suka gani, ba malami ba. Ka ɗauki hutun wata guda, ka kai yarinyarka tafki ku kama kifi."

"Loretta, ke raba karta kike yi, ni nake buga ta."

Ta jefar da guntun tabar ta take shi. "Shi ke nan. Na dai fita haƙƙinka."

Wa ya fi asara, wanda ba a gaya masa ba, ko wanda aka gaya masa ya raina mai faɗar? Tashin ƙarfe biyu ya koma biyu da kwata, ya koma biyu da rabi, yana zuwa makaranta a guje taya na ƙara. Duk lokacin da ya iso a kan kari sai ya ce, ka gani, har yanzu ina riƙe da kaina. Ranar wata Asabar suna cin fanke da zuma, Nadine tana ba shi labarin wasan kwaikwayon ajinsu, sai ta tsaya ta dube shi.

"Baba, me na ce yanzu?"

Bai sani ba. Yana can yana sake buga zagayen Laraba a cikin kansa.

Juma'ar ta zo. Kun san ɗakunan nan ba taga, ba agogo a bango, hasken safe da na la'asar duk ɗaya ne. Dwayne na zaune daura da shi, tun hantsi yake tsokanarsa. Ƙarfe biyu waya ta motsa. Dutse ya sa hannu a aljihu, ya fara tattara kwabbansa.

"Af, lokacin reno ya yi! Je ka, tsoho, kada uwargida ta zare maka ido. Zan ɗumama maka kujerar."

Dutse ya kashe wayar ɗungurungum. Zagaye ɗaya, in ji shi. Zagaye ɗayan ya wuce bai samu komai ba. Sai na biyu. Sai ya faɗi kaɗan, ya ce ba zai tashi a kan faɗuwa a gaban wannan yaro ba. Daga nan bai ƙara tuna akwai wata duniya a bayan ƙofar ba.

Kuna jira in ce an cinye shi ko? A'a. Ya samu kartar sarki guda biyu, ta uku ta faɗo a tebur. Ya yi lamo kamar yadda ya iya a da, ya bar Dwayne ya yi ta zuba, har ya tura komai nasa. Dutse ya buɗe karta. Ɗaki ya ɗauki sowa, Dwayne ya miƙe, ya fita. Dutse ya ji wani sanyi a ƙirjinsa wanda ya yi wata uku yana nema. Loretta ce kaɗai ba ta yi murmushi ba. Ta tura masa tulin kwabban, ta ce a hankali, "Yau Juma'a ce fa."

Ya kunna waya. Biyar da minti ashirin.

Ya isa makaranta ya tarar da fili fayau, sai mai shara yana kulle ƙofa. Mutumin ya ce, "Kai ne baban 'yar mai jar jaka? A kan matakalar nan ta zauna cikin iska har bayan huɗu. Malama ta yi ta lallashi ta shigo ciki, ta ƙi. Ta ce in ta shiga za ka zo ba ka gan ta ba, kuma kada a kira mamanta, za a sa ka a matsala. Daga baya dole aka kira."

Zaman kotu bai kai minti goma sha biyar ba. Kafin ƙarshen wata Corinne ta loda kaya, suka tafi. Dutse ya koma tebur, don ba shi da wani wurin zuwa kuma, kuma yanzu ba abin da zai tashe shi. Cikin shekara biyu gida ya tafi, mota ta bi.

Ni na ɗauke shi a tasi bayan wasu shekaru, da rana tsaka, ya rame, rigarsa tana wari. Shi ya ba ni wannan labari da bakinsa. Ya faɗa mini kartar ranar ɗaya bayan ɗaya, da inda kowa ya zauna, da yadda fuskar Dwayne ta koma, idonsa har ƙyalli yake yi. Na ce masa, "Ita Nadine fa, aji nawa take yanzu?" Ya buɗe baki. Ya fara ƙirga da yatsu, ya tsaya, ya sake daga farko. Har na sauke shi yana ta ƙirga. Na ja gefen titi na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ya 'yan uwa, caca haramun ce, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Amma kada ku tsaya nan ku ji daɗi. Wannan mutum ya fi yawancinmu kamun kai, kuma kamun kan nasa ne ya ruɗe shi, ya ɗauka wanda ya iya zama kusa da wuta shekara goma sha shida ya fi ƙarfin ƙuna. Ya ƙware a ganin zamewar kowa, ban da tasa. Kai da kake cewa ka san iyakarka, yaushe rabonka da duba ko iyakar tana inda ka bar ta? Sallar da kake yi a farkon lokaci, yanzu ƙarfe nawa kake yin ta? Wa ya ja ka gefe ya gaya maka gaskiya ka ce bai isa ba? Kuma wa ke zaune a kan matakala yana jiranka, yana kare ka, alhali kana can kana rama abin da bai kai ya kawo ba?

Ya Allah, ka nuna mana zamewarmu tun tana ƙarama. Ka ba mu kunnen jin mai faɗa mana gaskiya. Kada ka ba mu nasarar da za ta raba mu da amanar da ka ɗora mana. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga sakacinmu. Amin.