Kurege da Ruwan Farko

Ku matso, ku rufe baki. Ga ta nan, kuma sau ɗaya zan faɗe ta.

A dajin nan akwai doka. Duk wanda aka yi wa ɓarna da rani, sai ya kai ƙara gaban alƙali Kunkuru kafin ruwan farko ya sauka. Ruwa na taɓa ƙasa magana ta mutu, don sawun ɓarawo ya wanke. Kowa ya san dokar. Kurege ne kaɗai ya mai da ita abinci.

Ya faɗa rumbun Gyado, aladen daji, ya cinye gyaɗa tas. Da gari ya waye Gyado ya ga sawu, ya kama hanyar kotu yana huci. Kurege ya shafa toka a gemu, ya dogara sanda, ya tare shi kamar wani dattijon unguwa. Ya ce maƙwabta ba sa kai juna gaban alƙali, a bari manya su sasanta. Yau a zauna, gobe wani babba ba shi da lafiya, jibi ana suna. Ana haka ruwa ya sauko. Kunkuru ya ce lokaci ya wuce.

Kurege ya hau suri yana rawa. "Ni ne Kurege! Na ci gyaɗa, sama ta wanke min baki!"

Wata shekara ya yi wa Ɓauna ɓarnar dawa. Ya sa jar hula, ya ce shi masinjan kotu ne, alƙali ya koma bayan dutse. Ɓauna ya tafi neman kotun da babu ita, ya dawo a jiƙe.

Sai ido ya buɗe. Kurege ya shiga gonar Giwa, ya huda kabewarta ɗaya bayan ɗaya. Giwa ba ta jin sulhu, ba ta tsayawa masinja. Ga shi shekarar ruwa ya yi jinkiri, sama fes, ko ɗigon girgije babu. Kurege ya duba gabas har wuyansa ya ƙage.

Ya ce, "In sama ta ƙi aiki, ni zan yi mata."

Ya yi ta jido ruwan kududdufi a gora yana hawa da shi tsamiyar da alƙali ke zama a gindinta. Ya haɗa da rariya da busasshiyar fata.

Da gari ya waye Giwa ta iso, ta durƙusa, ta buɗe baki za ta fara. Kurege ya buga fata, gidim, kamar tsawa. Ya tuttula ruwa ta rariya. Kunkuru tsoho ne, ido ya yi rauni. Ya ji ɗigo a bayansa, ya ja kai ciki, ya ce ruwa ya sauka, kowa ya tashi.

Giwa ba ta motsa ba. Girmanta ya fi inuwar tsamiya.

Ta ce, "Allah ya gafarta malam, wane irin ruwa ne ke jiƙa min kai, ya bar bayana yana ƙonewa a rana?"

Alƙali ya leƙo da kai zai amsa, sai wani ɗan kwaɗon kududdufi ya faɗo masa a hanci.

Giwa ta naɗe tsamiya da hanci, ta girgiza. Gora ta faɗo, rariya ta faɗo, fata ta faɗo, Kurege ya biyo baya, tim. Gyado da Ɓauna suna cikin 'yan kallo: Gyado ya sa masa haure, Ɓauna ya ɗaga shi sama da ƙaho. Da ƙyar ya zille ya faɗa wani ɗan rami, rabin gashin wutsiya ya bari a waje.

Kunkuru ya share hanci. Ya ce an karɓi ƙara tun ƙasa na bushe, yanzu ko ambaliya ba za ta wanke ta ba.

Daga can cikin rami Kurege ya amsa.

"Na ji, ranka ya daɗe. A aiko Giwa ta kawo min sammaci da kanta. Ƙofata a buɗe take."

Iyakarta ke nan. Ku tashi ku ba ni wuri.