Waziri Salmanu da Harajin Gada

An ce a zamanin da, a wata ƙasa da babban kogi ya ratsa, an yi wani Sarki mai son a tuna da shi da alheri. Wata damina ruwa ya ci ayarin fatake guda a mashigin garin, da su da jakunansu. Sarki ya yi baƙin ciki, ya sa aka yi shela cewa za a gina gadar dutse, kowane magidanci ya ba da wuri goma a shekara. Ya naɗa wani bafade mai zaƙin baki, wai shi Mantau, Sarkin Gada.

Waziri Salmanu, dattijo mai ƙarancin magana, ya yaba da shawarar. Abin da ya biyo baya ne ya hana shi sakat. Mantau ya ce ba ya iya aiki sai da magatakarda. Magatakarda suka ce sai da masu gadin kuɗi. Masu gadi suka nemi dawakai, dawakai kuwa sai da masu yankan ciyawa, har aka ɗauki makaɗa don kada Sarkin Gada ya fita shiru kamar talaka. Wuri goma ya koma talatin. Sannan Mantau ya kafa doka, wai don tsare rayuka, kada kwalekwale ya taɓa ruwa sai da hatimi a goshinsa, wani a filafilin tuƙi, kuma a sabunta kowane wata.

Duk shekara Waziri yakan yi magana a fada, duk shekara Mantau yakan shimfiɗa zanen gadar a kan fata, Sarki ya yi murmushi, a tashi. A shekara ta bakwai Sarki ya kira Waziri a fusace, ya ce haraji ya ninka uku amma baitulmali wayam. Ya ba shi kwana uku ya kawo dalili, ko ya ajiye rawani.

Waziri ya haɗiye takaicinsa, ya gangara bakin kogi. Can ya tarar da Baidu, tsohon mai fito, ya kife kwalekwalensa a yashi, kaji na fakewa a ƙarƙashi. Baidu ya ce cikin masu fito arba'in saura shida. Shi kansa ya yi mako yana zarya a ƙofar mai hatimi, kafin na filafili ya fito na kwalekwale ya mutu. Fatake sun gaji da jira, sun koma bi ta wata ƙasa, kasuwa ta zama kufai.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "da can ruwa muke tsoro. Yanzu ko taɓa shi ba a bari mu yi."

Waziri ya tambayi zurfin kogin a wannan rani. Baidu ya nuna ƙirjinsa.

Sai Waziri ya aika cewa duk mai ci daga harajin gada ya hallara bakin kogi jibi da hantsi, Sarki zai raba riguna. Ko mutum ɗaya bai yi fashi ba. Shi kuma ya faɗi gaban Sarki, ya ce a zo a ga gada.

Da Sarki ya iso, dogarai sun riga sun kora mutanen cikin ruwa, an jera su kafaɗa da kafaɗa. Sun kai daga wannan gaɓa har waccan, ga kuma ragowa tsaye a tudu rungume da ganguna.

Sarki ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "Waziri, ina gadar?"

"Ga ta nan, Allah ya ba ka nasara. Shekara bakwai talakawanka na gina ta. Tana ci, tana sha, tana hawan doki, sai dai ba a taka ta."

Sarki ya juya ga Mantau. Ya tambaye shi ina duwatsun. Mantau, ruwa iya wuya domin gajere ne, ya ce har yanzu ana shawara ne, ko fari za a sa ko baƙi.

Nan take Sarki ya tuɓe shi. Ya soke dokar hatimi, ya mayar da haraji wuri goma, ya ce ranar da aka aza dutsen ƙarshe a daina karɓa. Ya sa aka sayar da dawakan aka ɗauko magina, ya ce wa na cikin ruwa duk mai son ci gaba da cin abincin gada ya ɗauki dutse a ka. A gaban jama'a ya amsa cewa laifin farko nasa ne, da ya yarda da zane bai taɓa gangarowa ya gani ba. Kafin damina ta biyu gada ta tsaya, fatake suka dawo.

Ranar da aka buɗe ta, wani bafade ya durƙusa ya ba da shawara a naɗa sabon hakimi, da magatakardansa, wanda zai riƙa lura kada a sake naɗa masu sarautar banza.

Waziri Salmanu ya runtse ido, ya dafe kai. Sarki ya dube shi, ya dubi bafaden, ya ce wa bafaden akwai ragowar duwatsu a bakin kogi, ya je ya kwashe.