Kofin da Likita Ta Ɗaga

Akwai wani malamin kimiyya da ɗalibai suka laƙaba wa suna Malam Sai-An-Gwada. Ko cewa ka yi gishiri na narkewa a ruwa, amsarsa ke nan.

Ɗalibansa suka haɗa matatar ruwa da bokiti, yashi, tsakuwa da gawayi. Ka zuba ruwan kwata, ya fito garai-garai. Da ita za su shiga gasar makarantu, makarantar da ta ci a cika mata ɗakin gwaji da kaya. Nasu ɗakin kuwa, in ka cire kujeru sai ƙura.

Ranar gasa Shugaban makaranta ya ga takarda manne a bokitin: "Kada a sha. Ba a gwada ƙwayoyin cuta ba."

"Malam, so kake mu faɗi? Dubi ruwan nan! Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima."

"Ranka ya daɗe, ƙwayar cuta ba ta gaisawa da ido."

Shugaba ya ɓalle takardar ya cusa a aljihu.

Can sai ga alƙaliyar gasa, wata likita mai fara'a. Ta yaba aikin, ta tari ruwan a kofi, ta nufi baki da shi. Shugaba sai murmushi yake.

Caraf, Autar aji, yarinyar da ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, ta riƙe mata hannu.

"Mama, don Allah kada ki sha! Datti kawai matatar take cirewa. Ba mu gwada shi ba."

Shugaba ya zabga mata harara. Yaran suka yi tsuru-tsuru, sun sallama kyautar.

Likita ta ajiye kofin, ta ƙyalƙyale da dariya.

"'Yata, dama ba sha zan yi ba. Duk teburin da na ga matata haka nake yi. Kowa ya zuba min ido, har da masu ƙaro min. Ke kaɗai kika ji tsoron kada in kwanta ciwo."

Su suka ci gasar. Ihu ya kaure, Malam har da ƙwallar farin ciki.

Shugaba ya lalubo takardar ya mayar da ita da hannunsa, yana cewa, "Ai kullum ina faɗa musu, sai an gwada!"

Darasi: Ilimin da bai damu da lafiyar mutane ba bai cika ba. Mu koya wa yaranmu faɗin iyakar abin da suka sani, ko da kyauta za ta kuɓuce. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani.