Ɗamarar Dalmar Maman Miran

Akwai wata mata a ƙauyenmu, nan gabashin tsibirin Jeju, sunanta Hyon Chunhwa. Ba mai kiranta da sunan. Maman Miran ake ce mata.

Nutso ne sana'arta, kamar uwarta da kakarta. Ba tulun iska, ba komai. Numfashi ɗaya za ta ja, ta sauka ƙasan teku, ta ɓamɓaro dodon-koɗi daga jikin dutse, ta taso. Cikin mata goma sha tara da suka rage a ƙungiyar ƙauyen, ita ce ke zuwa zurfin da sauran ba sa kaiwa. Da wannan numfashin ta binne miji, ta rene ƴarta Miran, ta kai ta makaranta har Seoul.

Mace ce mai jiki. Kilo saba'in da takwas, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. In aka tsokane ta sai ta bugi cinyarta ta ce, "Wannan bargona ne. Ku ramammu ku ji da sanyinku."

Gaskiya ta faɗa. Lokacin da wasu ke fitowa haƙora na haɗuwa bayan awa biyu, ita sai ta yi huɗu.

Kitse ba ya son nutsewa, rigar roba ma haka. Shi ya sa kowace mai nutso ke ɗaura ɗamarar dalma a ƙugu, daidai jikinta. Ba a aron ta wata. Chunhwa dalma takwas take ɗaurawa. Abokiyar ruwanta, Bu Jongnye, huɗu kawai, don ita ƴar firit ce, ga shekara sittin da bakwai.

Ba a shiga ruwa ke kaɗai. Shekara talatin su biyun suna tsaron juna. In mai nutso ta taso, takan furzar da numfashi da wani irin fito mai tsawo. Jongnye ta san fiton Chunhwa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta.

Sai Miran ta samo miji a Seoul.

Aka haɗa iyaye a wani gidan abinci a birni don a ga juna a sa rana. Uwar angon siririya ce kamar tsinken cin abinci, cokali uku ta yi ta ce ta ƙoshi. Chunhwa kuwa ta karɓi kwanon shinkafa na biyu. Matar ta dube ta ta yi murmushi.

"Kai, mutanen teku akwai lafiya! Ranar biki in muka jera za mu kunna kyandir, ai ni ba mai ganina."

Kowa ya yi dariya. Chunhwa ma ta yi. Amma ta ajiye cokalinta, ba ta sake ɗauka ba.

Kun san yadda ake yi. Kafin ango, kafin amarya, iyaye mata biyu ne ke fara shigowa hannu cikin hannu, kowa na kallo, su kunna kyandir. Saura sati takwas.

Washegari ta tafi wajen tela. Da aka gama auna ƙirjinta don ƴar rigar sama ta biki, sai ta ce, "Ki rage yatsa biyar."

"Inna, siliki ne fa. In na yanka ba ya dawowa."

"Yanka."

Daga nan ta biya ƙaramin asibitin ƙauye ta hau sikeli. Nas ɗin, wata yarinya mai suna Yang, ta tambaye ta abin da ya kawo ta.

"Kilo goma sha biyu nake son zubarwa. Sati takwas."

"Inna, ba haka ake yi ba. Rabin kilo a sati. In ya yi yawa, kilo ɗaya."

"Rabin kilo? Ai in na yi atishawa ma na zubar da shi."

Nas Yang ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko takarda ta zauna kusa da ita. Ta ce ƙarfin da abinci ke ba jiki da kalori ake auna shi. Ta ce ko macen da ke wuni a kan kujera ba a son ta yi ƙasa da dubu ɗaya da ɗari biyu a rana, sai likita na tsaye a kanta.

"Ke kuwa awa huɗu kike yi cikin ruwan sanyi. Ki rage ɗari biyar kawai daga abin da kike ci yanzu. Kwano na biyu ki bar shi, lemon kwalba ki bar shi. Kifi da ƙwai da ganye ki ci sosai. Ranar shiga ruwa kuma kar ki rage ko loma."

"To a sati takwas nawa ke nan?"

"Kamar huɗu."

Chunhwa ta ninke takardar ta tura aljihu. "Ƴata, na gode. Ku masu boko komai sai a hankali. Ni fa numfashi ɗaya nake aiki da shi."

Ta koma gida ta yi wa kanta doka. Ƙwai ɗaya da safe. Lemu biyu da rana. Rabin dankali da yamma. Sauran duk ruwa.

Idan aka fito daga teku, matan kan zauna bayan katangar dutse su hura wuta, su gasa dankali, a zagaya da miyar ganyen teku mai zafi. Chunhwa ta koma zama can gefe da gorar ruwanta.

Jongnye ta ɓare dankali ta miƙa mata. "Ungo."

"Na ƙoshi, Yaya."

"Da me? Da iska? Ko wani tsoho ne ya ƙifta miki ido a kasuwa ba mu sani ba?"

Mata suka tuntsire da dariya.

"Ki bar ni, Yaya. Ke da aka haife ki kamar busasshen kifi, me kika sani?"

"Na san busasshen kifi ba ya iyo."

Sati biyu, kilo huɗu suka tafi. Sati huɗu, bakwai. Mutane suka fara magana. "Maman Miran, kin koma budurwa!" "Ke ce amaryar ko ƴar?" Wannan yabon ya fi zagi yi mata illa. Duk wanda ya yaba, sai ta rage ɓallin lemu ɗaya.

Abin da ba su gani ba, gashinta na cika mataji. In ta miƙe da sauri sai ta dafa bango. Rigar robar da ta saba kama ta tsam ta fara lilo, ruwan sanyi na shiga ta wuya yana zagaya bayanta. Mai yin awa huɗu ta koma rawar sanyi tun ba a yi biyu ba.

Miran ta kira ta a waya, irin kiran da ake ganin fuska.

"Umma, kin ci abinci?"

"Na ci."

"Me kika ci? Kumatunki sun faɗa."

"Hasken wayar ne. Ke dai ki ji da gyaran gidanki."

"Umma, in don bikin ne, ni dai ki zo yadda kike."

"Ruwa na tafasa a wuta," in ji Chunhwa, ta kashe. Babu komai a wutar.

Wata safiya a ɗakin sauya kaya, Jongnye ta ɗaga ɗamarar Chunhwa daga ƙugiya don ta samu wuri. Ta tsaya. Ta ƙirga da yatsa.

"Ke, har yanzu takwas?"

"Takwas."

"Jikin da ke ɗaukar takwas ya tafi. Cire biyu. Cire uku ma."

Chunhwa ta duba ko wasu na ji, ta rage murya. "Yaya, ƙafafuna ne kwanan nan ba sa harbin ruwa kamar da. Dalmar ce ke kai ni ƙasa ba wahala. In na cire, ba zan kai zurfi ba. Kina so su ce Maman Miran ta koma tsintar koɗi a bakin gaɓa da tsofaffi?"

"Sauka dalma ke yi miki. Tasowa fa, wa zai yi miki?"

"Sati biyu ya rage. Bayan biki zan cinye tukunyarki har ƙanzo."

"To ki zauna a gida sati biyun."

"Kakar koɗi ce. Wa ke zama?"

Ta karɓe ɗamarar, ta ja ta har ƙarshe, ta ɗaure. Har wani guntu ya rage yana reto, ta nuna wa Jongnye shi tana murmushi.

Saura kwana goma biki. Iska ta hana fita kwana huɗu, ran nan teku ya kwanta lumui. Da sassafe Chunhwa ta gwada rigar bikin a gaban madubi. Saura yatsa ɗaya ta haɗu. Sai ta mayar da ƙwan safiyar cikin kwano. Ta sha maganin ciwon kai irin wanda masu nutso ke sha, ta kora da ruwa, ta fita.

Wajen hawa jirgin ruwan da ke kai su wurin nutso, hannunta ya yi rawa a kan ƙarfe, ƙafarta ta zame sau ɗaya. Mai jirgin ya gani. Ba mutum ne mai magana ba. Ya tada inji.

An shiga awa ta uku. Jongnye ta taso ta yi fitonta, ta rungume tulun robarta da ke yawo a saman ruwa, tana jiran amsa. Ga tulun Chunhwa can yana rawa shi kaɗai.

Ta jira. Ta ƙirga goma. Ba fito.

Ta tura fuska cikin ruwa. Ruwan garau yake, ta hango ta. Ba ta fi gaba biyu da saman ruwa ba. Ta kusa isowa. Fuskarta na kallon sama, hannayenta a sake, tana komawa ƙasa a hankali.

Mai nutson da dalmarta ta yi daidai da jikinta, in ta suma kusa da sama, rigar roba takan riƙe ta har a cafke ta. Mun sha ganin haka, an sha ceto. Chunhwa kuwa nauyin matar da ta fi ta da kilo tara take ɗaure da shi.

Jongnye ta bi ta. Tsohuwa, da dalma huɗu. Karon farko numfashi ya ƙare mata kafin ta kai. Ta taso ta ƙwala ihu, ta sake komawa. Karo na biyu ta kai zurfin da rabonta da shi shekara goma, ta kama ɗamarar, ta fizge maɓallin.

Dalmar na faɗuwa, jikin ya taso da kansa kamar gora.

Amma an makara. An danna ƙirji a cikin jirgi, an danna a gaɓa, an danna a motar asibiti. Ba ta dawo ba.

Uwar angon ta zo jana'iza daga Seoul. Ta yi kuka, kuma kukan gaskiya ne. Jongnye ba ta iya haɗiye magana ba, ta ja ta gefe ta maimaita mata abin da ta faɗa a gidan abinci.

Matar ta zaro ido. "Ni na faɗi haka? Ni fa yabonta nake yi. Na ce a raina ina ma ni ke da irin lafiyar nan."

Jongnye ba ta samu wanda za ta tsana ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Aka ɗaga biki zuwa watan huɗu. Ana saura kwana uku, Miran ta zo gidan Jongnye da wani kwali a hannu, ta durƙusa.

"Inna, ba ni da wadda za ta kunna mini kyandir."

Jongnye ta buɗe kwalin. Rigar ce, ruwan hoda, ba a taɓa fita da ita ba. Ta zura hannu ɗaya, ta zura na biyu, ta ɗaure igiyar ƙirji. Ta zauna mata har da saura.

Ta shafa silikin.

"Sakarya," ta ce a hankali. "Ashe ni kika ɗinka wa."

Ranar bikin ita ta riƙe hannun uwar ango. Ta kunna kyandir ɗin. Ba wanda ya kalli ƙugun kowa. Kujerar Chunhwa da ke gaba, wadda aka bari babu kowa, ita kowa ke kallo.

Jongnye ba ta sake shiga ruwa ba. Ta ce in ta taso kunnenta zai jira fito.

Darasi: Jiki ba siliki ba ne da za ka ce wa tela yanka. Miran ta tsinci takardar nas Yang a aljihun rigar uwarta, a ninke yadda aka ba ta. Daga ranar da aka rubuta ta zuwa ranar da aka yi bikin, sati ashirin da huɗu ne. Rabin kilo a sati, ku lissafa da kanku. Sha biyun da take nema ke nan, da cikinta a ƙoshe. In za ku rage ƙiba ku rage, amma a hankali, da shawarar ma'aikacin lafiya, kuma mai aikin ƙarfi ba ya fita da yunwa. Kar ku yaba wa wanda ke ramewa da gudu, ku tambaye shi me ya ci. In kuma kun ga hannun wani na rawa, ku buɗe baki. Ni ne mai jirgin nan. Na gani, na yi shiru. Ku tura wa duk wanda kuka san yana hana cikinsa abinci saboda wata rana da ke tafe.