Kiɗan Da Auta Za Ta Ji Da Ƙafa

Akwai wani mai gyaran rediyo da 'yan layinsu ke kira Injiniya. Hannunsa na da kyau, wannan ba a musu. Matsalarsa ɗaya ce: in ka ba shi shawara, sai ya dube ka kamar ka taka masa sabon takalmi.

Yana da 'ya mai shekara tara, Auta. Tun tana 'yar huɗu zazzaɓi ya tafi da jinta. A makarantarsu an sa ta a layin 'yan rawa na ranar rufe zango, amma kullum sai ta riga sauran ɗaga ƙafa ko ta makara. Daga ƙarshe malamar ta ce ranar Asabar ƙarfe huɗu ne gwajin ƙarshe. In Auta ba ta bi kiɗan ba, za a sa wata a gurbinta.

Ranar yarinyar ta dawo gida ta cusa kayan rawarta a ƙarƙashin gado, ta ƙi cin komai.

Injiniya ya yi dabara. Dandamalin makarantar na katako ne. In ya haɗa wufa, wato sifikar nan mai amo mai kauri da ake ji har cikin ƙirji, ya tsayar da ita bakinta na kallon ƙasa, katakon zai ɗauki bugun ya kai tafin ƙafar Auta. Ya samo katon bututun kwali mai kauri, irin wanda magina ke zuba siminti a ciki, ya toshe samansa, ya ɗaura sifika a ƙasansa. Saura ɗora amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a jikinsa.

Ranar Juma'a surukinsa, mahaifin matarsa, ya leƙo. Tsohon kafinta ne, shagonsa na ƙarshen layi. Ya zagaya bututun, ya shafa bayan amfilifayar, ya ce, “Ɗana, wannan ƙarfen shimfiɗaɗɗe ne, jikin nan kuma zagaye. Ba za su zauna lafiya ba sai an yanka musu mazauni na katako.”

Injiniya ya yi 'yar dariya. “Baba, wannan fa ba benci ba ne. Harkar wuta ce, ku bar mana abinmu.”

A gaban matarsa ya faɗa. Tsohon ya shafa kan jikarsa ya fita.

Asabar da hantsi Injiniya ya yanka taga a jikin bututun, ya ɗora amfilifaya. Tsakiya ta zauna, gefe biyu suka tsaya a sama, har yatsa na shiga. Maimakon ya dakata, sai ya kama sukundireba ya yi ta murɗawa da ƙarfin tsiya, wai sai bututun ya miƙe. Sukurori biyu suka yage kwalin. Ya cusa tsumma a ramin ya ce ai shi ke nan.

Ya tsayar da wufar a kan tsohuwar ƙofa da ya shimfiɗa a ƙasa, ya kira Auta. Ta cire takalmi ta hau, tana kallonsa tana murmushi. Ya kunna. Abin ya yi ta huci da kaɗawa kamar murfin tukunya a kan wuta, iska na tsiyaya ta gefe.

Auta ta jira. Ta matsa gaba, ta sake jira. Sannan ta girgiza kai a hankali, murmushin ya gushe.

Injiniya ya koma kan wufar. Ya ƙara sauti, tsumman ya yi tsalle ya fita. Ya liƙa salatif, ya ɓare. Ya sake huda wani wuri, nan ma ya yage. Ƙarfe ɗaya ta wuce, gumi ya jiƙa masa riga. Tsoro ne ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji a kan wani aiki ba.

Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Baban Auta, ka je wurin Baba.”

“Da wane idon zan kalle shi?”

“Da wanda za ka kalli 'yarka ƙarfe huɗu. Zaɓi ɗaya.”

Ya juya ya ga Auta a tsakar ɗaki, ta jawo kayan rawarta tana ninkewa, hawaye na ɗiga a kai. Ko hula bai tsaya ɗauka ba. Ya rungumi bututun ya fita da shi, 'yan layi na kallon Injiniya guda yana sassarfa da ganga a ƙirji.

Ya tarar da tsohon yana goge ƙafar tebur. Ya durƙusa cikin garin katako ya ce, “Baba, na yi wauta, na kuma yi maka rashin kunya. Ko ba don ni ba, ka dubi Auta.”

Tsohon ya kalli yagewar ya ce, “Kai da kura kuka yi kokawa a nan? Tashi, miƙo min kwalin can da fensir.”

Ya manna kwali a jikin bututun ya zana lanƙwasarsa, ya kwafa a kan katako biyu, ya bi da zarto. Injiniya na ta duba agogo. “Baba, biyu da rabi fa.”

“Riƙe nan. Gaggawar ce ta kawo ka.”

Ya goge, ya gwada, ya sake gogewa, har katakon ya kwanta a jikin bututun ba inda haske ke ratsawa. Ya haɗa su ya zama firam mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, ya cike yagewar da gam da garin katako, ya yanko robar tsohon tiyub ya shimfiɗa tsakani. Sai ga amfilifaya ta zauna daram. Ya ce, “Wayoyin kuma naka ne, wannan ban san kansu ba.”

Huɗu saura minti biyar suka isa makaranta, tsohon na riƙe da gindin bututun yana haki. Malamar ta riga ta tsayar da wata yarinya a gurbin Auta. Injiniya ya roƙe ta ya ce, “Malama, waƙa ɗaya kawai.”

Ta yarda. Auta ta hau dandamali ba takalmi. Injiniya ya tsayar da wufar a kan dandamalin ya kunna, bai iya ɗaga kai ba.

Bugu na farko ya ratsa katakon. Auta ta zabura, ta kalli ƙafafunta. A na huɗu ta ɗaga ƙafa tare da sauran, ta sauke tare da su, ta juya daidai lokacin da suka juya. Malamar ta riƙe baki, sannan ta yafito ɗaya yarinyar ta sauko.

Da aka gama, Auta ta rugo ta ƙanƙame babanta. Injiniya ya kama hannunta ya kai ta gaban kakanta, ya ɗora ɗan tafinta a kan hannun tsohon da gam ya bushe a kai. Ya buɗe baki zai yi godiya, kuka ya ci ƙarfinsa a gaban iyayen yara.

Darasi: Gwanintarka a fanninka ba ta sa ka fi ƙarfin gyaran wani ba. Girman kai ba a kanka kaɗai yake ƙarewa ba, sau da yawa wanda ka fi so ne ke shan wahalarsa. In ka yi kuskure, koma ka nemi afuwa tun da sauran lokaci. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan yau.