Motar Ɗauko Ango

Akwai wani manomin albasa a Alahan Panjang, can saman duwatsun Sumatra a ƙasar Indonesiya, mai suna Masrizal. Mutum ne mai kyauta da son jama'a, sai dai bakinsa ya fi tunaninsa sauri. Idan abu ya lalace, kafin ya duba ya riga ya san mai laifi, kuma ba a taɓa samun ranar da mai laifin ya zama shi ba.

Yana da wata tsohuwar akori-kura shuɗiya, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujera. Da ita yake kai albasa da kabeji kasuwa tun yana saurayi, kuma ya fi yarda a zage shi da a ce mata gwangwani.

Sai ga bikin Rahmiati, 'yar yayarsa, ya taso. Shi ne kawun amarya, don haka nauyin biki yana wuyansa. Dangin amarya ne za su je ɗauko ango kamar yadda al'adar garin take, ga ƙauyen angon can ƙasa cikin kwari, hanya gangara ce mai kwana-kwana. Masrizal ya bugi ƙirji ya ce ba wanda zai nemo wata mota, tasa ce za ta kai mata da kayan gaisuwa ta dawo da ango.

Ana saura kwana biyu, ya kai ta garejin Bakhtiar, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ya ɗan girme shi, shi ya sa yake ce masa Uda, wato babban wa a yarensu. Bakhtiar ya duba ya ce gasket, wato shimfiɗar toshe iska da ke tsakanin injin da bututun da ke shigar masa da iska da mai, ya ruɓe. Ya kwance, ya goge wurin, ya sa sabo, ya ɗaure. Mota ta tashi lafiya lau, Masrizal ya koma gida yana fito.

Da yamma ya ɗaga kujera ya leƙa injin, ya ga baƙin mai da ƙura sun yi masa kauri.

Ya ce, "A kan wannan ƙazantar surukinmu zai zauna? Ba da ni ba."

Ya ɗauko bokiti da sabulu da burushi ya shiga wanki. Ya ture wannan tiyo, ya ɗaga wancan, har ya sassauta wani ƙarfen ɗauri don burushi ya samu hanya. Da ya gama, injin yana ƙyalli kamar kwanon amarya.

Washegari ya murza makulli. Mota ta tashi, amma tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Sitiyari na rawa, madubi na rawa, salansa na tari. Idan ya taka totur sai ta ɗan daidaita, yana ɗaga ƙafa sai ta mutu.

Bai tsaya tunanin komai ba, ya nufi shagon kofi inda mazan unguwa ke taruwa da safe.

Tun daga bakin ƙofa ya fara: "Jama'a, Bakhtiar ya gama yawo! Idonsa ya mutu, hannunsa ya tsufa. Na kai masa mota tana tafiya da ƙafarta, ya maido min da ita tana rawar biki tun kafin makaɗa su zo!"

Aka kwashe da dariya. Nan da nan kowa ya zama bakanike. Mai shago ya ce ruwa ne a cikin fetur. Wani mai sayar da taki ya rantse fulogi ne, haka ta ƙanin matarsa ta taɓa yi. Masrizal ya koma gida ya tsiyaye tanki ya zuba sabon mai, ya canja fulogai duka. Mota ta ci gaba da karkarwarta, ko a jikinta.

Yayarsa Yusmaniar, uwar amarya, wadda kowa ke kira Uni Yus, wato Yaya Yus, ta fito daga madafa da ludayi a hannu, hayaƙin rendang, naman da suke dafawa da madarar kwakwa, duk ya kama mata tufafi.

Ta ce, "Masrizal, ka je ka kira Bakhtiar."

"Ni? In kira wanda ya lalata min mota?"

"To gobe a kanka za ka ɗauko angon?"

"Uni, ki bar ni da ita. Ƙafa ɗaya a totur, ɗaya a burki, haka zan lallaɓa ta mu je mu dawo."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Tun kana yaro kake da taurin kai, amma na zaci gemu zai rage shi." Ta juya ta koma kan tukunyarta.

Ranar biki da safe gida ya cika. Maza na ɗaura rumfa, mata na jera farantan shinkafa da kayan gaisuwa. Masrizal na tsaye gefen mota yana gumi duk da sanyin garin, sai ga ƙarar babur. Bakhtiar ne, sanye da rigar biki, akwatin sifanu ɗaure a bayansa.

Ya sauka yana murmushi, ya ce, "An gaya min idona ya mutu. Shi ne na zo da kunnena, ko shi zai yi amfani."

Masrizal ya kau da kai. "Uda, ni dai abin da na gani na faɗa."

"Ka yi daidai da ka zarge ni, ni na taɓa ta. Tayar min da ita mu fara da aikina."

Bakhtiar ya naɗe hannun riga, ya ɗaga kujera. Ya bi notukan da ya ɗaure ɗaya bayan ɗaya da sifana, duk suna nan daram. Ya yayyafa ruwa a kan sabon gasket yana saurare, muryar injin ba ta canja ba. Ya riƙa zare wayoyin fulogi yana mayarwa, kowace ya zare sai karkarwar ta ƙaru.

Ya ce, "Wuta lafiyarta ƙalau. Ka wahalar da kanka a banza da sababbin fulogai."

Sai ya cire murfin da ke saman kafireta, ya rufe rabin bakinta da tafin hannunsa. Nan take injin ya natsu. Ya ɗauke hannu, karkarwa ta dawo.

"Ka ji? Ba mai ne ya yi mata kaɗan ba, iska ce ta yi mata yawa. Akwai inda take shigowa ta ɓarauniyar hanya. Taka min burki in gani."

Masrizal ya taka. Burki ya yi tauri kamar ya taka dutse.

Murmushin Bakhtiar ya ɗauke. Ya zaro wani guntun tiyo daga akwatinsa, ya kafa baki ɗaya a kunne, ya riƙa yawo da ɗayan cikin injin kamar likita. Can ta baya ya tsaya. Ya miƙa wa Masrizal tiyon, ya ce, "Saurara."

Masrizal ya ji wani siririn huci, kamar na maciji.

Bakhtiar ya zura hannu ya jawo wani baƙin tiyo. Tiyon ya zame rabi daga mazauninsa, bakinsa ya tsage, ƙarfen ɗaurinsa na lilo, ga busasshen sabulu fari fat a jikinsa. Ya dubi tiyon, ya dubi injin da ke ƙyalli, sannan ya dubi abokinsa.

Ya rage murya ya ce, "Kai, wannan injin ya fi ango tsabta. Wa ya yi masa wanka?"

Masrizal ya tuna bokitinsa da burushinsa.

Bakhtiar ya ci gaba a hankali, yadda ba wanda zai ji: "Wannan tiyon shi ke ba burkinka ƙarfi. Da shi a haka za ka gangara kwari da mata cike da bayan mota."

Masrizal ya waiga ya ga 'yan'uwansa mata da gwaggonninsa sun ci ado, suna ta raha, suna jiran a ce su hau.

Bakhtiar ya yanke tsagaggen bakin da wuƙa, ya tura tiyon ya zauna, ya matse ƙarfen. Injin ya kwantar da murya kamar kyanwa mai barci. Aka taka burki, ya yi laushi ya kama.

Uni Yus ta iso da kofin shayi mai ƙwai, mazan rumfa na biye da ita, har da mai shagon kofi da mai sayar da taki.

Ta ce, "Bakhtiar, me ya same ta ne?"

Ya karɓi shayin ya kurɓa, ya ce, "Tiyo ne ya tsufa, Uni. Na gan shi ranar da na yi aiki, ya kamata in canja ban canja ba. Bayan biki zan sa sabo."

Bai ambaci wankin injin ba.

Masrizal ya san idan ya yi shiru magana ta mutu ke nan, shi ya fita fes. Ya dubi Bakhtiar, rigar bikinsa duk ta ɓaci da baƙin mai, yana shan shayinsa hankali kwance. Sai ya taka taya ya haye bayan mota, ya tafa hannu.

"Jama'a, ku saurara! Ni na wanke injin nan, ni na kwance tiyon, ni kuma na je na ɓata sunan Uda. Aikinsa ba shi da aibi. Idonsa garau yake, nawa ne ya mutu, bakina ne kawai ke da rai!"

Sai mai shagon kofi ya ce, "Wannan na ƙarshen kam mun shaida!"

Aka fashe da dariya, har da Uni Yus tana share hawaye da gefen mayafi. Masrizal ya diro ya kama hannun Bakhtiar da hannu biyu.

"Uda, ka yafe min."

"Na yafe. Amma ka ba ni aron riga, don ba zan je gaban surukai haka ba."

Aka ba shi rigar Masrizal mafi kyau, ta yi masa yawa a ciki, aka kuma ce shi zai zauna gaba. Mata suka hau baya da farantansu, mota ta kama gangara ana waƙa.

A wata kwana mai tsanani, gefe ɗaya dutse ɗayan rami, sai ga wata saniya da ɗan maraƙinta sun tsaya tsakiyar hanya. Masrizal ya danna burki. Mota ta tsaya cak, hancinta dab da saniyar. Mata suka yi salati, faranti ɗaya ya kife, sannan aka ji dariya ta ɓarke a baya.

Masrizal bai yi dariya ba. Ya daɗe riƙe da sitiyari yana kallon ramin, sannan ya juyo ya dubi abokinsa, idonsa ya cika da ƙwalla.

Bakhtiar ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ja mu tafi. Ango na can yana gumi, ya zaci an fasa."

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani laifi, ka fara tambayar kanka me hannunka ya taɓa. Idan ka ɓata sunan mutum a gaban jama'a, a gaban jama'a ya kamata ka wanke shi. Idan kuma kai aka zarga alhali kana da gaskiya, kada fushi ya hana ka yin alheri, don wataƙila rayukan mutane ne ke jiran haƙurinka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, musamman wanda kuka san bakinsa na riga shi isa ko'ina.